Tsohon fili ko sabo? Shawara ga injiniyoyinmu na Legas masu son komawa lantarkin zafin ƙasa

Tun da manyan kamfanonin mai na Turawa suka fara sayar da rijiyoyinsu na tudu da na gaɓar teku a Neja Delta, Eni ta miƙa nata ga Oando, ExxonMobil ga Seplat, Shell ga Renaissance, tambaya ɗaya ke yawo a bakin 'yan Arewa masu aikin haƙa da gwajin rijiya da ke zaune a nan Legas: in mutum zai sauya layi, ina ya kamata ya nufa? Wasu sun koma sola, wasu sun bi gas. Kaɗan daga cikinsu, galibi matasa da suka karanci ilimin duwatsu ko injiniyancin man fetur, sun ɗora ido kan lantarkin da ake samarwa daga zafin ƙarƙashin ƙasa. Hankalinsu ya yi daidai, domin a duk makamashin da ake kira mai tsafta, wannan ne kaɗai aikinsa ya ginu kan rijiya da bututu da siminti, wato abin da hannunsu ya riga ya saba da shi.

Najeriya ba ta da tasha irin wannan ko guda ɗaya, don haka duk mai wannan niyya fita zai yi. Da ya fara duba guraben aiki da na karatu kuma zai tarar hanya ta rabu biyu. Akwai tsofaffin filaye da suka shafe shekaru talatin, hamsin, har ɗari suna ba da wuta, inda aikin shi ne a riƙe su kada su mutu. Akwai kuma sababbi da ake kan bincike da haƙa, inda aikin shi ne a gano ko akwai abin da za a ɗiba. Ra'ayina tun daga farko, don kada mai karatu ya yi ta lalube: wanda ke son ya zama masanin wannan fanni ya nemi tsohon fili, ko da albashinsa bai kai na sabon ba. Sai dai akwai mutanen da wannan shawara ba ta dace da su ba, kuma zan zo kansu.

A wuraren da dutse mai zafi ya matso kusa da doron ƙasa, kamar babban tsagin nan da ya ratsa Habasha da Kenya, ruwan saman da ya nutse shekaru aru-aru yana taruwa a tsagogin dutse. Zafinsa kan kai digiri 250 zuwa 300, amma bai tafasa ba saboda nauyin da ke danne da shi. In aka haƙa rijiya mai zurfin kilomita biyu zuwa uku, sai ruwan ya taso, matsi ya ragu, wani kaso ya zama tururi. A raba tururin da ruwan, tururin ya juya farfelar janareta. Ba sayen gas, ba jiran damina ta cika dam, ba ruwan tashar da rana ta faɗi ko ba ta faɗi ba. Wadda ake kula da ita da kyau tana iya aiki sama da kashi 90 cikin 100 na sa'o'in shekara. Duk wanda ya san yadda tashar Egbin da ke Ikorodu, mai ƙarfin megawat 1,320, take yawan gaza ba da abin da aka gina ta don ta bayar saboda ƙarancin gas, ya san darajar wannan.

Amma rumbun ruwan zafin da ke ƙasa yana da iyaka, kuma a nan ne duk ilimin yake. Mafi yawan zafin a cikin dutse yake, ruwa ɗan aike ne kawai mai ɗauko shi. In ka kwashe ruwan fiye da yadda yake dawowa, matsi ya faɗi, rijiyoyi su yi rauni alhali dutsen yana nan da zafinsa. In kuma ruwa ya dawo da sauri fiye da yadda dutsen zai iya ɗumama shi, rijiyoyi su huce. Tsakanin waɗannan haɗurra biyu mai kula da fili yake tafiya duk tsawon aikinsa, kuma ba a ganin sakamakon shawararsa sai bayan shekaru biyar ko goma.

Abin da tsohon fili ke koyarwa

Filin Geysers da ke arewacin San Faransisko a Kaliforniya shi ne darasin da kowane ɗalibin fannin ke farawa da shi. Tashar farko ta fara aiki a 1960 da megawat 11. Filin na busasshen tururi ne, irin da ba kasafai ake samu ba, ba sai an raba shi da ruwa ba. Da farashin mai ya tashi a shekarun 1970, kamfanoni suka yi ca a kansa, kowa na haƙa a gefen ɗan'uwansa, dukkansu daga rumbu ɗaya suke sha. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 ƙarfin tashoshin da aka gina ya kai kusan megawat 2,000. Tururin da ake samu ya kai ƙololuwa a 1987, daga nan ya soma gangarowa. Dalili a fili yake: kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan da aka ɗauko yana tashi iska a hasumiyoyin sanyaya ruwa, ɗan abin da ya rage ne ake mayarwa. Rumbun ya fara bushewa. Tashoshin da aka kashe wa maƙudan kuɗi suka rasa abin juyawa, aka rufe wasu.

Abin da ya ceci filin shi ne ruwan bayan gida na garuruwan da ke kewaye, bayan an tace shi. A 1997 aka buɗe bututu daga yankin Lake County, a 2003 aka ƙara wani daga birnin Santa Rosa mai tsawon kusan kilomita 65, yana kai wajen lita miliyan 40 a rana, ana zubawa cikin busasshen dutse mai zafi yana komawa tururi. Birnin ya huta da neman inda zai zubar da ruwansa, filin ya daina gangarowa da saurin da yake yi. Bai koma yadda yake ba. Wutar da yake bayarwa yau ba ta kai rabin ƙarfin tashoshin da aka gina a wancan lokacin ba, kuma zuba ruwan sanyi kan dutse mai zafi ya ƙara yawan ƙananan girgizar ƙasa da mazauna yankin ke ji a gidajensu. Injiniyan da ya yi shekara biyar a irin wannan wuri yana koyon abu uku a lokaci guda: lissafin rumbu, zaman lafiya da maƙwabta, da illar barin kamfanoni da yawa su ɗibi rumbu ɗaya ba tare da mai tsawatarwa ba.

Wairakei a Niyu Zilan labarinsa daban ne, kuma ni shi ya fi burge ni. Tun 1958 yake ba da wuta, shi ne na farko a duniya da ya yi amfani da ruwan zafi mai haɗe da tururi a babban mataki. Shekaru da dama ba a mayar da ruwan ƙasa, kogin Waikato ake sake wa shi. Matsin rumbun ya faɗi da kusan ma'aunin bar 25 (bar ɗaya kusan matsin iskar da ke kanmu ne) cikin shekaru ashirin na farko, maɓuɓɓugan da ke feso ruwa sama a kwarin da masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo suka ƙafe, wani yanki na ƙasar kuma ya lotsa sannu a hankali har kusan mita 15, aka yi ta gyaran bututu da magudanai. Duk da haka filin bai mutu ba. Matsin ya tsaya cak a wani mataki, domin faɗuwarsa ta jawo ƙarin ruwan zafi daga can ƙasa, ta kuma haifar da wani aljihun tururi a saman rumbun wanda daga baya aka haƙa aka amfana da shi. A shekarun 1990 aka fara mayar da ruwa, a 2005 aka ƙara ƙaramar tasha mai cin sauran zafin ruwan da aka raba, a 2014 aka buɗe Te Mihi mai megawat 166 a kan filin. Wanda ya auna Wairakei a shekararsa ta goma zai rantse cewa ƙarshensa ya kusa.

Ga kuma Ohaaki, tafiyar ƙasa da sa'a guda daga Wairakei, a ƙasa ɗaya, ƙarƙashin ƙwararru iri ɗaya. An buɗe shi a 1989 da sama da megawat 100. Da matsi ya faɗi, maimakon ruwan zafi ya taso daga ƙasa, sai ruwan sanyi na sama-sama ya gangaro cikin rijiyoyin. A hankali abin da yake bayarwa ya koma ƙasa da rabi. Haka ta faru a Momotombo da ke Nikaraguwa: megawat 35 a 1983, wani 35 a 1989, amma kafin 1999 filin ya kasa ba da ko 15, sai da aka shigo da mayar da ruwa da maganin toshewar rijiya kafin ya ɗan farfaɗo. A Tiwi da ke Filifin, wanda ya fara a 1979, ruwan sanyi ya cinye ɓangaren gabas har aka kwashe haƙa zuwa yamma. Cerro Prieto na Meksiko ya taɓa kai megawat 720, aka dawo da shi 570. Babu littafin da zai gaya maka tun ranar farko ko filinka Wairakei ne ko Ohaaki. Bayanan shekaru ne ke faɗa, kuma tsohon fili ne kaɗai yake da su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mayar da ruwa ma, da ake ganin shi ne maganin komai, yana da nasa tarkon. In ka haƙa rijiyar mayarwa kusa da masu fitarwa, za ka tallafi matsi, amma ruwan na iya bin wani buɗaɗɗen tsagi ya koma wa masu fitarwa cikin kwanaki, bai ɗauki zafi ba. In ka kai ta nesa, ka tsira daga sanyi amma ba ka taimaki matsi da komai ba. A Palinpinon na Filifin sai da aka matsar da rijiyoyin mayarwa nesa bayan an ga ruwan yana dawowa da wuri yana sanyaya rijiyoyi. Yadda ake ganewa shi ne a zuba wani sinadari mai bin sawu a rijiyar mayarwa, sannan a yi ta ɗibar samfur daga sauran rijiyoyin mako bayan mako, a ga wace ce ya fara ɓullowa cikinta, da yawan da ya ɓullo.

Aikin yau da kullum a tsohon fili ba shi da armashi ga mai son hayaniya. Da sassafe ka bi layin bututu a mota, ka tsaya bakin kowace rijiya ka karanta matsi. Mai ɗibar samfur ya ɗaura 'yar ƙaramar tukunyar rabawa a jikin bututu, sanye da safar hannu mai kauri, ya cika kwalba ɗaya da ruwa ɗaya da iskar da ke tafe da tururin, warin ruɓaɓɓen ƙwai na dukan hancinsa. A ɗakin gwaji a auna gishirin ruwan. In gishiri da zafi suna raguwa tare, ruwan sama ne ke kutsowa. In gishiri na ƙaruwa zafi na raguwa, ruwan da kuka mayar ne ya dawo muku. Lokaci-lokaci a zura na'ura da waya har gindin rijiya a auna zafi da matsi da gudun ruwa mita bayan mita. Ga kuma ɓawon ma'adini da ke taruwa, irin farin nan da ke kama gindin butar mai shayi, sai dai wannan yana iya rufe bututu mai faɗin taƙi har ya rage ƙofar da hannu ba zai shiga ba. Na farar ƙasa a cikin rijiya yake kamawa, daidai inda ruwa ya fara tafasa, shi ya sa ake zura siririn bututu ƙasa da wurin ana ɗiga magani dare da rana. Filayen Turkiyya sun sha fama da shi. Na silika, wato ma'adinin yashi, kuwa sai ruwa ya huce yake fitowa, a layin mayarwa, don haka ba a barin ruwan ya yi sanyi fiye da kima kafin a mayar da shi. Duk waɗannan alƙaluma ake zubawa cikin kwaikwayon rumbun da ke kwamfuta, daga nan a yanke inda za a haƙa rijiyar cike gurbi ta gaba, da yawan da za a ɗiba a shekara mai zuwa.

Ga ɗan Afirka, filin da ya haɗa wannan duka shi ne Olkaria, kusa da Naivasha a Kenya, cikin gandun dajin Hell's Gate. Injin farko mai megawat 15 ya fara a 1981, aka ƙara biyu, ya zama 45 a 1985. Kenya ba ta yi gaggawa ba, ko da yake rashin kuɗi na cikin abin da ya sa. Olkaria II bai zo ba sai 2003, manyan tashoshin megawat 280 sai 2014 zuwa 2015, Olkaria V a 2019. Kowane mataki ya tarar da bayanan wanda ya gabace shi. Injinan farko sun yi kusan shekara arba'in suna juyawa kafin a shiga sabunta su. Yau zafin ƙasa na ba Kenya sama da kashi 40 cikin 100 na wutar da take samarwa, kuma kamfanin lantarkin ƙasar, KenGen, har haƙa ya yi wa Habasha da Jibuti. Ba a rasa tabo ba: 'yan ƙabilar Masai da aka tasa daga matsugunansu a 2014 don gina Olkaria IV sun kai kukansu ga Bankin Duniya da bankin zuba jari na Turai. Wanda zai yi aiki a can ya kamata ya san wannan tarihin kamar yadda ya san tarihin matsin rijiyoyi. Babbar fa'idar Olkaria ita ce tsoho ne kuma yana ci gaba da girma, don haka mai kula da rumbu da mai haƙa duk suna da abin yi.

Sabon fili fa?

Nan ne kuɗi ke motsi da sauri, nan ne kuma ake asara da sauri. Wani bincike da hukumar IFC ta Bankin Duniya ta fitar a 2013, bayan duba rijiyoyi sama da 2,600, ya nuna cewa rijiyar farko a sabon fili kusan rabi da rabi ce tsakanin dace da rashin dace. A rijiyoyi biyar na farko dacen ya kai kashi 59 cikin 100, a lokacin faɗaɗawa 74, a filin da ke aiki kuwa 83. Kowace rijiya miliyoyin daloli take ci. In uku na farko suka zo a bushe, masu kuɗi na iya janye hannu, a naɗe injin haƙa, kowa ya kama gabansa.

Ko an dace ma, jira na iya kashe gwiwa. A Menengai, kusa da Nakuru, kamfanin gwamnatin Kenya na GDC ya fara haƙa a 2011, an sami tururi, an zaɓi kamfanoni uku da kowanne zai gina tashar megawat 35, amma wuta ba ta fara fita ba sai 2023. Shekara goma sha biyu. A Habasha, ƙaramar tashar gwaji ta Aluto Langano mai megawat 7 da 'yan kai an gina ta a 1998, ta shafe tsawon lokaci a tsaye. Wanda ya shiga irin wannan aiki yana ɗan shekara talatin zai iya kai arba'in bai taɓa ganin yadda rumbu ke amsa ɗiba ba.

Amma ga mai haƙa, sabon fili makaranta ce ta gaske, kuma zai sha mamaki. A rijiyar mai, in laka ta ɓace cikin dutse ba ta dawo ba, hankalin kowa tashi yake yi. A nan, in an kai zurfin rumbu laka ta ɓace gaba ɗaya, murna ake yi, domin alama ce an ci karo da tsagin da zai ba da ruwa, sai a ci gaba da haƙa da ruwa zalla ba a ganin abin da ke fitowa. Dutsen mai tauri ne, yana cin haƙoran na'ura. Rijiyar ta fi ta mai faɗi. Bututun bango sai an yi masa siminti tun daga ƙasa har sama ba tare da barin aljihun ruwa ba, domin in rijiya ta ɗau zafi ƙarfe yana miƙewa, ruwan da ya maƙale kuma yana iya matse bututun ya lanƙwasa. In rijiya ta yi yunƙurin tasowa, ruwan sanyi ake ɗura mata. A Krafla na Aislan a 2009 masu haƙa sun faɗa kan narkakken dutse a zurfin kilomita biyu da kaɗan. Haɗarin iskar nan mai warin ƙwai kuma ba wasa ba ne, domin in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi. A Janairun 2021, yayin buɗe wata rijiya a Sorik Marapi da ke Sumatra ta Indunusiya, iskar ta kashe mutum biyar daga ƙauyen da ke kusa.

Akwai kuma sabon salo da ya fi kowanne kama da aikin mai: a haƙa cikin busasshen dutse mai zafi, a karkata rijiyar ta tafi a kwance, a fasa dutsen da ƙarfin ruwa, a ƙirƙiri rumbun da babu shi. Kamfanin Fervo a Amurka, wanda tsohon injiniyan haƙa mai ne ya kafa shi tare da abokinsa, ya gwada haka a Nebada a 2023 ya sami megawat 3.5, yanzu yana gina babba a Yuta. Ina fatan ya yi nasara, domin in ya tabbata, ƙasashen da ba su da duwatsu masu aman wuta ma za su samu shiga. Sai dai tarihin salon yana da duhu: girgizar ƙasar da ƙarfinta ya kai 3.4 ta sa aka dakatar da aikin Basel na Suwizalan a 2006, kwamitin gwamnatin Koriya ta Kudu kuma ya ɗora alhakin girgizar Pohang ta 2017, mai ƙarfin 5.4, kan irin wannan aiki. Babbar tambayar kuma ita ce dai ta Palinpinon: shekara nawa ruwa zai yi yana zagaya tsagogin nan kafin ya sanyaya su? Masu amsa ta a ƙarshe su ne waɗanda suka koyi karatun rumbu a tsofaffin filaye.

Wani ɗan ƙanwata da ke aikin haɗa lakar haƙa, wanda yakan sauka Idi-Araba in ya dawo hutu daga teku, ya tare ni da wannan magana bayan mun fito sallar Juma'a a Agege. Ya ce, "Kawu, ni fa haƙa na sani. In na je tsohon fili, ɗalibi zan koma a ƙarƙashin yaran da na girme wa, albashin ma na kamfanin wuta ne, ba na mai ba." Na ce masa, "Gaskiyarka ce, ɗana. Amma kai da bakinka ka ce ka gaji da kwangilar da ke ƙarewa duk wata shida, ga iyali a Kano kana ganin su jefi-jefi. Wanne kake gudu, ƙaramin albashi ko rashin tabbas?" Ya yi shiru, sannan ya ce sai ya yi shawara da maiɗakinsa. Wannan ita ce amsar da ta dace, domin zaɓin ba na mutum ɗaya ba ne.

Sabon fili yana biyan mai haƙa da kyau, galibi bisa kwanakin da ya yi, amma daga rijiya zuwa rijiya ne, a sansanin da ke nesa da gari, ba wurin kai mata da yara. Tsohon fili aikin kamfanin lantarki ne, albashi madaidaici, ƙarin girma a hankali, gari a kusa. Wanda shekarunsa suka haura arba'in da biyar, hannunsa ya nuna a haƙa, yana da 'ya'ya a jami'a, ban ga dalilin da zai sa ya koma ɗibar samfur ba. Ya bi kamfanonin haƙa, ya ci kasuwar abin da ya iya, in da hali ya zaɓi haƙan cike gurbi a filin da ke aiki, inda kuɗin ya fi tabbas. Amma matashi ko matashiya mai digirin ilimin duwatsu, kimiyyar sinadarai ko injiniyancin rumbun mai, da sauran shekara talatin na aiki a gaba, tsohon fili ne wurinsa. Masu aikin injin tururi a Egbin da ire-irenta ma can suka dace, sai dai su sani cewa tururin nan ba tsaftatacce ba ne irin na tukunyar da suka saba. Yana tafe da gishiri da iskar da ba ta narkewa, yana cin fikafikan farfela, kuma kula da na'urar tsotse iskar daga inda tururi ke komawa ruwa rabin aikin ne.

Batun addini da abinci ba ƙaramin abu ba ne, mu da muka san zaman baƙunci. Indunusiya, ta biyu a duniya bayan Amurka a wannan lantarki, tana da tsofaffin filaye kamar Kamojang da ya fara a 1983, masallaci da abincin halal a ko'ina. Turkiyya ma haka, filin Kızıldere tun 1984 yake aiki. Kenya na da Musulmi da yawa, ga ta kusa da gida. A Aislan kuwa, in azumi ya faɗo tsakiyar bazara rana kusan ba ta faɗuwa, sai mutum ya nemi fatawar malamai tun kafin ya tafi.

Ƙofar shiga ta fi wuya a tsohon fili, kada in ɓoye. Kenya ta horar da 'ya'yanta shekara da shekaru, ba ta jiran baƙo ya zo ya karanta mata matsi, kuma izinin aiki sai da hujja. Shahararren horon wata shida na Aislan, wanda ake yi tun 1979, yawanci ma'aikatan hukumomin makamashi ne na ƙasashen da ke da wannan arziki ake zaɓa masa, ba wanda ya nema da kansa daga Legas ba. Hanyar da ta fi buɗewa ita ce karatu, kamar kwas ɗin zango ɗaya na cibiyar zafin ƙasa ta Jami'ar Auckland da aka kafa a 1978, ko digiri na biyu da zai ba ka damar yin bincike kan bayanan wani fili na gaske. Ɗaya hanyar ita ce kamfanonin da ke yi wa masu filaye aikin auna rijiya, siminti da maganin ɓawo, waɗanda wasunsu su ne dai masu ofis a Legas da Fatakwal. Ka nemi a mayar da kai sashensu na zafin ƙasa kafin ka yi tunanin ajiye aiki.

Masu tambayar ko ilimin zai dawo gida su sani cewa maɓuɓɓuganmu ba su da zafin juya farfela. Wikki da ke Yankari digiri 31 ne, Ruwan Zafi na Lamurde a Adamawa bai wuce hamsin da 'yan kai ba, Ikogosi na Ekiti wurin shaƙatawa ne. Akwai tashoshi masu amfani da ruwa mai matsakaicin zafi su tafasa wani sinadari mai saurin tafasa, shi kuma ya juya injin. A Chena na Alaska an yi haka da ruwa mai digiri 74 kacal, amma sanyin wurin ne ya taimake su, abin da Yola ko Maiduguri ba su da shi. In wata rana aka yi wani abu a kwarin Binuwai ko tafkin Chadi, zai kasance rijiyoyi masu zurfi da ruwa mai zagayawa, kuma ribarsa za ta rataya kan wanda ya iya hana shi hucewa.

Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka yi tambaya. A tsohon fili, ka nemi sanin kashi nawa rijiyoyi ke raguwa a shekara, kashi nawa na ruwan ake mayarwa, yaushe aka yi gwajin bin sawu na ƙarshe, kuma ko sabon ma'aikaci yana da damar ganin bayanan shekarun baya ko suna kulle a ofishin mutum biyu. A sabon fili, ka tambayi wa ke biyan kuɗin haƙa, rijiya nawa kuɗin zai kai, an sa hannu kan yarjejeniyar sayen wutar ko har yanzu ana tattaunawa, layin da zai kwashe wutar yana nan ko a takarda yake, kuma in aka dakatar da aiki wa zai biya tikitinka na dawowa Legas.